An harbe ƙanena a shingen 'yan sanda: mu karɓi kuɗin gaisuwa mu yafe?

TAMBAYA: Malam, ƙanena direban adaidaita sahu ne. Wani ɗan sanda ya harbe shi a shingen bincike da daddare, ya cika a asibiti da asuba. Su sun ce an tsayar da shi ya ƙi tsayawa. Fasinjojinsa biyu sun ce a tsaye yake, gardama ce ta kaure kan kuɗi. Ya bar mata da 'ya'ya uku, babban shekararsa 9. Ranar addu'ar bakwai wasu manyansu sun zo da kuɗi a ambulan da takardar da za mu sa hannu cewa mun yafe. Baffanmu ya ce mu karɓa. Wani malami kuma ya ce ƙaddara ce, bin kadi jayayya ce da hukuma. Ina mafita?

AMSA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari.

Ɗan'uwana, kada ka sa hannu a takardar nan. Dalilina kuwa yaran nan uku ne da ka ambata a tsakiyar tambayarka kamar a wucewa, alhali hukuncin a kansu ya rataya. Da duk magadan baligai ne, sai in ce yafiya falala ce, ku zaɓa. To amma duk abin da aka biya saboda jini gado ne: matarsa na da tumuni, mahaifiyarku in tana raye na da sudusi, ragowar na marayu. Babba na iya yafe rabonsa, ba ya iya yafe na yaro. Malamanmu na Malikiyya sun ce mai kula da maraya ba ya yin sulhu a madadinsa da ƙasa da cikakkiyar diyya, sai in wanda ya yi kisan ba shi da hali. Diyyar rai kuwa dinari 1,000 ce, wato zinare kimanin kilo 4 da kwata. Ka auna wannan da abin da ke cikin ambulan. Baffanku a girmama shi, a ji shawararsa, amma ga 'ya'ya ga 'yan'uwa, ba shi ne waliyyin jinin ba.

Ban ji ta bakin ɗan sandan ba, don haka ban yanke masa hukunci ba. Sai dai ko a maganarsu, ƙin tsayawa ba ya halatta jinin mutum. In taya ya nufa ya samu direba, kisan kuskure ne, akwai diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. In mutumin ya saita, ganganci ne. Ta kowace fuska jinin bai faɗi a banza ba.

Maganar malamin nan ita ce ta fi damuna, don na sha jin irinta a zauren makoki. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba a kafa hujja da ita don a binne haƙƙi. Wanda aka sace wa akuya ma ƙaddara ce ta same shi, ba mu taɓa hana shi zuwa gaban alƙali ba. Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 33, wanda aka kashe da zalunci Ya sanya wa waliyyinsa iko. Abin da Allah Ya ba ka ba ya zama rashin tawakkali don ka yi amfani da shi. Batun jayayya da hukuma kuma, ka tuna Khalid ɗan Walid, kwamanda ne da Annabi (SAW) ya tura da kansa. Da ya kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimta, Annabi ya ɗaga hannu ya ce ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya aikata, har sau biyu, kuma malaman tarihi sun ruwaito ya aika Sayyidina Ali ya biya diyyarsu. Bai ce ai yana bakin aiki ba. Wanda ya kai ƙarar ma'aikaci gaban hukuma ya yarda da hukumar ke nan. Mai tawaye shi ne wanda ya ɗauki doka a hannunsa. Kuma a mazhabarmu ko waliyyai sun yafe wa mai kisan ganganci, shugaba zai yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. In kun yi shiru, bindigar tana nan a shingen, gobe ɗan wani ne.

Yanzu abin yi. Ku sa fasinjojin nan su faɗi abin da suka gani a rubuta tun bai dushe ba, kada a ƙara musu ko kalma, shaidar zur ba ta zama halal don an zalunce ku. Rigar da aka harbe shi a ciki kada a wanke ta. Ku ajiye katin asibiti, ku nemi rahoton likita, ku ɗauki hoton adaidaitar kafin a kai ta gyara. In kotu ta buƙaci binciken gawa, ya halatta saboda larura. Ku rubuta koke zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, in babu kuɗin lauya ku je hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnati. Ka shirya wa doguwar tafiya: matasa shida da aka kashe a Abuja a 2005, waɗanda ake kira 'yan Apo, da farko 'yan fashi aka ce da su, sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa.

Ka riƙe samarin unguwa da abokan sana'arsa. Ƙona ofishi ko taɓa wani mai kaki da bai ji ba bai gani ba, shi ne wuce iyakar da ƙarshen ayar nan ya hana. Kada kuma a baza hoton wanda ake zargi a Facebook. Kuɗin da suka kawo, in gaisuwa ce zalla babu sharaɗi, a karɓa gaban shaidu a rubuta shi da sunan marayu. In sai da sa hannu, a mayar musu cikin mutunci.

Matarsa tana takaba, wata huɗu da kwana goma. Kada zirga-zirgar ofisoshi ta sa ka manta da cefanen gidanta da kuɗin makarantar yaran, kuma duk matakin da za ka ɗauka ka sanar da ita, tana da haƙƙi a ciki.

Wallahu a'alam.