Aikin 'yan badujalar sojan Amurka

Mai tambaya kace wai 'yan badujalar sojan Marin na Amurka (sojojin da ke yaƙi ta ruwa da ta tudu) yaƙi suke zuwa ko kiɗa kawai? Gaskiya in babbar ƙungiyarsu mai yi wa shugaban ƙasa kiɗa kake nufi, kiɗa ne aikinsu, ko horon kurata ba'a basu, gwajin kiɗa ake musu a ɗauke su. Tun 1798 aka kafa su lokacin shugaba John Adams, kuma daga rantsar da Thomas Jefferson a 1801 har yau su ke kiɗa duk ranar rantsar da shugaban ƙasa, ga tarbar manyan baƙi a White House ga jana'izar manya, aiki dai baya ƙarewa. John Philip Sousa, shahararren mai tsara kiɗan fareti, ma ya jagorance su daga 1880 zuwa 1892, a ganina shi ya fito da sunansu duniya.