Me Ake Kiran Fuskar Da Ake Gani A Jikin Mota Ko Bango?

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, 'yata 'yar shekara huɗu ta ƙi bi ta gaban wata mota, wai motar tana hararar ta. Da na duba, ni ma sai na ga kamar fuska ce ta ɗaure. Shin wannan shi ne ƙawalwalniya? Ko akwai wata kalma?"

Malam, ba ƙawalwalniya ba ce. Ƙawalwalniya ita ce ruwan ƙaryar nan da kake hangowa a kan kwalta da tsakar rana, kana matsawa yana matsawa. Zafin ƙasa ne ke lanƙwasa haske, shi ya sa kowa a cikin motar zai gan ta. Ba kuma fatalwa ba ce, don fatalwa zancen matacce ne.

Abin da ya fi kusa a bakin Bahaushe shi ne gizo. Ka rataye riga a ƙusa, ka farka cikin dare ka ga mutum tsaye a kanka, ka haska tocila ka ga rigarka ce, sai ka ce "idona ne ya yi mini gizo". A ganina kalmar ba ta rasa dangantaka da Gizon tatsuniya, mijin Ƙoƙi, wanda sana'arsa ke nan ya nuna maka abu a inda babu shi. Sai dai gizo ya fi abin da ka tambaya faɗi, don wanda ke kewar mahaifiyarsa ma yakan ce fuskarta na yi masa gizo, alhali babu komai a gabansa. Turawa kuwa sun ware wa wannan abu suna daga Girkanci, suna cewa pareidolia.

Amma duba yadda harshen namu ya riga 'yarka ganin fuskar. Muna cewa goshin mota. Muna cewa bakin ƙofa, bakin rijiya, wuyan tulu, harshen wuta, haƙoran zarto. Inda ruwa ke ɓuɓɓugowa idon ruwa ne. Akwai ma wata 'yar ƙwaya ja wur mai ɗigon baƙi a gefe, wadda ake kira idon zakara. Duk wanda ya riƙe ta a tafin hannu ya san mai suna bai yi ƙarya ba, kallonka take yi. Har lokaci ba mu bari ba, ga goshin azumi, ga goshin magariba. Ba mu kaɗai ba ne kuma: sunan da Turawa ke kiran kwakwa ya samo asali ne daga kalmar Fotugis, coco, ma'ana ƙoƙon kai ko dodon tsorata yara, saboda ramuka ukun da ke gindinta sun yi kama da idanu biyu da baki.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun ce ba tabin hankali ba ne. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka sun bayyana wani yanki a ƙwaƙwalwa da ya fi motsawa idan an ga fuska. Ɗigo biyu a sama da layi a ƙasa sun isa su tashe shi. Gaggawar tana da dalili: gara ka ɗauki kututture mutum ne ka tsorata a banza, da ka ɗauki ɗan fashi kututture ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba wanda zai ce masa wawa.

Karin maganar da ta dace da tambayarka ita ce "kama da wane ba wane ba ne". Kan mutane aka fi yin ta, amma ta hau wani tsauni a duniyar Mars daram. A 1976 kumbon Viking 1 na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauko hoton wani wuri mai suna Cydonia, aka ga fuska ƙiri-ƙiri, da ido da hanci da baki. Shekara da shekaru wasu na rantsuwa gini ne na wasu halittu. A 2001 wani kumbon, Mars Global Surveyor, ya sake ɗaukar wurin da kyamara mai ƙarfi, sai ga tsauni kawai. Inuwa ce ta zana fuskar.

Ita kuwa 'yarka, ka riƙe hannunta ku zagaya ta bayan motar. Kada dai ka tsaya duba fitilun bayan, don su ma wani lokaci harara suke yi.