Idan hankaka ce za ta ba da labarin Gizo

Tambaya: Ni malamar aji huɗu ce a wata firamare a Pantami, Gombe. Ina so in sake rubuta tatsuniyar Gizo da hankaki daga bakin wani daban, ba Gizo ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, kin zaɓi tatsuniya mai kyau. Fara da rubuta ƙashin labarin a layi biyar ko shida: hankaki sun ara wa Gizo gashi, sun tashi da shi zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa, ya hana su ci don haɗama, kowace ta zare gashinta, ya faɗa ruwa, ya ƙare a gidan kada. Wannan ƙashin ba a taɓa shi. Wanda ke kallo kaɗai za ki sauya.

Sai ki zaɓi mai ba da labarin. Ya zama yana wurin, kuma akwai abin da ya rasa. Hankakar da ta fara ba Gizo gashinta ta fi dacewa, don ita ta yarda da shi, ita kuma 'yan uwanta za su zarga. Daga nan labari ya samu ciwo. Yara za su ji yadda take kallon ɓaure nunanne, Gizo na cewa shi ya riga gani, ita kuma kunya ta hana ta magana.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne hankaka ta faɗi abin da ba ta gani ba. Ta tashi ta bar Gizo a kan bishiya, to ta yaya ta san abin da ya yi da ƙwan kada? Ko dai labarinta ya tsaya a bakin ruwa, ko wani ya kawo mata labari daga baya. Yara 'yan shekara 9 suna kama irin wannan da sauri. Haka kuma idan kin fara da "na", kada ki zame zuwa "ta" a tsakiya.

Kada ki wanke ta tas. Ita ma ta bar mutum a tsakiyar ruwa, ki bari ta ɗan ji nauyin hakan.

Tsamin bakin Gizo da waƙa, in akwai ta a yadda ake yi a gidanku, su zauna yadda suke, da su yara ke gane tatsuniyar. "Ga ta nan, ga ta nanku" ma hankaka za ta iya buɗewa da ita.

Kalmomi 400 zuwa 500 sun isa ɗan aji huɗu. Ki fara yi musu ta asali da baki, washegari ki karanta sabuwar, don yaron da bai san ta farko ba ba zai ji daɗin sauyin ba. Inda suka fara surutu, nan za ki rage.