Yadda ake jera siffofi kowace tana ƙara juyawa kaɗan

Tambaya: Malam, ina aikin zane a wani shagon buga katin biki a Kano. An kawo mini samfurin bayan kati mai ɗauke da ƙananan murabba'ai a jere, kowane ya ɗan fi na bayansa karkata, har abin ya zama kamar igiyar ruwa. Na gwada a manhajar zane ta Illustrator da Transform na cikin Effect, na sa nisa, na sa digiri, na sa yawan kwafi, sai layin ya lanƙwashe ya koma baka. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, manhajar ta yi abin da ka ce mata ne. Wannan Transform ɗin yana ɗora kowane kwafi a kan na bayansa, juyi da tafiya a haɗe. Idan na farko ya karkata da digiri 5, hanyar da na biyu zai bi ma ta karkata da digiri 5, ta uku da 10, haka har layin ya zagaye. Da zobe ko dodon koɗi kake nema, da ka dace. Kai kuwa so kake kowane murabba'i ya juya a kan cibiyarsa, tafiyar kuma ta miƙe sambal.

Abin da zai ba ka haka shi ne Transform Each, a ƙarƙashin Object sannan Transform. Zana murabba'i ɗaya, a ce mai milimita 8. A akwatin da zai buɗe, sa tafiyar kwance milimita 12, juyi digiri 5, ka tabbata an zaɓi ɗigon tsakiya, sai ka danna Copy, ba OK ba. Daga nan Ctrl+D, mai maimaita aikin ƙarshe, kawai za ka yi ta dannawa har sahun ya cika. Kada ka matse nisan: murabba'in da ya kai digiri 45 faɗinsa ya ninka da kusan 1.41, wato mai milimita 8 zai ci wajen 11.3, don haka nisan 10 zai sa su hau juna a tsakiyar sahu.

Lissafin digirin shi ne inda na fi ganin mutane suna tuntuɓe. Murabba'i ba ya buƙatar 360 kafin ya dawo kamanninsa, 90 ta ishe shi. Alwatika mai gefuna daidai 120 take so, mai kusurwa shida kuma 60. Idan kana son na ƙarshe ya tsaya tsaf kamar na farko, raba 90 da yawan giɓin da ke tsakaninsu, ba yawan siffofin ba: guda 19 suna da giɓi 18, kowane digiri 5. Amma idan za ka maimaita zanen gefe da gefe ya rufe bayan katin, tsaya a guda 18. Na ƙarshe yana kan 85, farkon sahu na gaba shi ne cikon 90. Ka bar na 19, za ka ga tsayayyu biyu maƙale da juna a kowane mahaɗi, kuma ido ba ya yafe wannan bayan an buga. Akwatin digirin yana karɓar lissafi, kana iya rubuta 90/18 ya fitar da kansa.

Don cika shafi, zaɓi sahun gaba ɗaya, amma kada ka haɗe su a rukuni, domin in ka haɗe su zai ɗauke su abu guda ya juya sahun dungurungum. Sake buɗe Transform Each, mayar da tafiyar kwance sifili, sa 12 a ta tsaye, bar digiri 5, danna Copy, sai Ctrl+D. Igiyar ruwan da ka gani a samfurin za ta fito tana ratsa shafin a karkace.

Wasu za su ce maka Blend, mai cike tsakanin siffa biyu da kwafi, ya fi sauri. Ni ban cika son sa a nan ba, domin yana jan kusurwoyi ne a miƙe daga siffar farko zuwa ta ƙarshe, ba juya su yake ba, shi ya sa na tsakiya ke ƙanƙancewa.

Alwatika kuma tana da nata hali. Cibiyar da manhajar ke amfani da ita ta akwatin da ke kewaye da siffar ce, kuma akwatin yana sauyawa duk lokacin da alwatikar ta juya, sai sahun ya riƙa rawa. Zana da'ira marar launi marar layi a kan ainihin cibiyar alwatikar, wadda ta rufe ta duka, ka haɗe su biyun a rukuni, sannan ka fara kwafin.

In akwai manhajar zane ta Inkscape a kwamfutar shagon, kyauta ce, kuma Create Tiled Clones da ke ƙarƙashin Edit sannan Clone yana da gurbin digiri na sahun kwance da na tsaye daban, ya zuba maka shafin a danna ɗaya. Kwafin nasa suna bin uwarsu, in mai katin ya dawo ya ce a sauya siffar, guda ɗaya za ka taɓa.