Tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu: me za a fara dubawa?

Malam, ka ce kana neman tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu ka gyara ta a hankali. Shawarata ita ce Land Cruiser 80, ƙirar 1990 zuwa 1997, musamman mai injin dizal 1HZ, saboda juriyarsa.

Kada fenti ya ruɗe ka. Shiga ƙarƙashinta ka duba shasi, in tsatsa ta cinye shi ka haƙura, komai arharta. Sa giyar ƙarfi ka ji ko tana shiga ba gurnani, sannan ka gwada lambar shasi da takardun kwastam.

Mutane kan fara da manyan tayoyi, alhali birki da lagireto ne gaba. Famfon dizal kuwa sai ƙwararren bakanike.