Tambaya da Amsa: Ramin da Ya Ƙi Cikewa a Bayan Katangar Bakin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu yana bakin teku, kuma akwai katangar kankare da ta raba filinmu da ruwa. Shekara biyu ke nan wani rami yana buɗewa a bayanta, mun cike shi da ƙasa har sau uku, amma bai daina dawowa ba. Yanzu kuma saman katangar ya fara karkata wajen ruwa, ga jan zanen tsatsa yana gangarowa a jikinta. Maginin da muka kira ya ce a zuba siminti a ramin, a yi wa fuskar katangar sabon shafe. Shin hakan zai wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, shawarar magininka za ta rufe ciwon ne kawai. Mutane da yawa suna zaton igiyar ruwa ce ke kayar da irin wannan katanga, alhali sau da yawa ɓarnar daga baya da kuma ƙarƙashi take farawa, inda ido ba ya kaiwa.

A yawancin gaɓoɓi teku yana cikowa ya janye sau biyu a rana, da tazarar kimanin awa 12 da minti 25 tsakanin cikowa da cikowa. Idan ya ciko, ruwa yakan kutsa ta mahaɗan sassan katangar da tsagoginta ya jiƙa ƙasar da ke bayan katanga, ga ruwan sama kuma yana ƙaruwa a kai. Idan ya janye, ruwan gaba ya sauka da sauri, na baya ya maƙale, sai ya riƙa tura katangar waje da nauyinsa, kuma ruwan da ya cika akwati mai mita 1 tsawo, faɗi da zurfi ya kai tan guda. A hanyarsa ta fita yakan tafi da ƙasa mai laushi kaɗan-kaɗan. Ƙasar da ka zuba sau uku tana cikin teku yanzu. Ka leƙa gindin katangar lokacin da ruwa ya janye sosai, mai yiwuwa ka ga tulin yashi daidai ƙarƙashin wata mahaɗa. Idan aka toshe ramin da siminti, ruwan zai nemi wata kafa, ramin ya koma gefe.

Gyaran gaskiya shi ne a tona bayan katangar, a liƙe mahaɗan, a shimfiɗa wani yadi na musamman mai tace ruwa ya riƙe ƙasa, a zuba tsakuwa, sannan a buɗe ƙananan kafofin fitar ruwa a jikin katangar, ko a share waɗanda suka toshe.

Karkatar saman ita ce ta fi damuna. Irin wannan katanga yawanci ana ɗaure ta da dogayen sandunan ƙarfe da aka binne, waɗanda ke riƙe da wani ƙaton kankare can cikin fili. Idan sama ya karkata wajen ruwa, galibi sandunan ne tsatsa ta cinye. Da gindin ne ya zame waje, da sai mu ce igiyar ruwa ta kwashe yashin da ke riƙe da shi, wanda akan magance ta hanyar jibga manyan duwatsu a wurin. Ka ɗaura wa zare wani abu mai nauyi, ka rataye shi daga bakin katangar, ka auna karkatar duk wata ka rubuta, kuma kada a ajiye mota ko tulin kaya kusa da bakin kafin injiniyan da ya san aikin teku ya duba.

Jan zanen kuwa alama ce cewa gishiri ya isa ga rodin da ke cikin kankaren. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, kuma rodi idan ya yi tsatsa yakan kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Ka ƙwanƙwasa wurin da guduma: inda ya yi ƙarar fanko, ya riga ya rabu da rodin. Sai an fasa wurin, an kankare tsatsar, an sauya rodin da ya sirance, sannan a mayar da kankare mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a kansa, ba tare da yashin teku ko ruwan gishiri a kwaɓin ba. Kafin a fara, a nemi izinin hukumar da ke kula da gaɓar, domin katanga takan ƙara zaizaya a filin maƙwabci.

Tambaya: Ina so in gina ɗan dandamalin katako na ɗaure kwalekwale. Kowane katako mai ƙarfi zai yi?

Amsa: A'a. A ruwan gishiri akwai wata halitta dangin kawa mai siffar tsutsa, wadda ke huda katako ta cinye cikinsa, waje kuwa ya zauna sumul kamar ba abin da ya same shi. Ita ce ta lalata ginshiƙan katako na madatsun teku a Holan a wajajen 1731, har aka koma amfani da dutse. Ka nemi katakon da aka yi wa magani musamman don ruwan teku, ko ka sa wa ginshiƙan rigar roba. Ƙusoshi da notuna su zama na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, kuma kada ka haɗa ƙarfe iri biyu a wuri guda, domin ruwan gishiri yakan sa ɗaya ya cinye ɗaya.