Tafasa ce ko rai-ɗore? Ga yadda za ki gane

'Yar'uwa, kin ce wani tsiro mai fure ruwan ɗorawa ya cika kangon bayan gidanku a Rijiyar Zaki, kina so ki san ko tafasa ce kafin ki yi kwaɗo. Furen ba zai raba miki gardama ba, domin na rai-ɗore ma haka yake. Ganyen za ki duba.

Tafasa ƙananan ganye shida take jerawa a sanda ɗaya, bibbiyu suna fuskantar juna, bakinsu a zagaye, kuma suna rufewa da yamma. Kwanson 'ya'yanta siriri ne dogo, ya ɗan lanƙwasa kamar lauje. Ƙananan ganyen rai-ɗore sun fi yawa, sau da yawa takwas zuwa goma, masu tsini a baki, kwansonsa kuma ya fi faɗi. Murza ganyen ki shinshina, warin rai-ɗore ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗanyun 'ya'yansa suna da guba, a hana yara da awaki ci.

Ko tafasar ce ma, ni dai ba zan ci wadda ta fito a bakin kwata ko kan bola ba.

Laimar kwaɗin da kika gani a gindin darbejiya kuwa, bar ta inda take. Launi ba ya nuna mai guba, dafuwa kuma ba ta kashe gubar wasu. In kina son tabbaci kan tsiron kangon, ciro shi da furensa da kwansonsa ki kai sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Bayero.